Tsohuwar Bindiga, Sabon Ɗuri: Nazari Kan Mafarautan da Ke Haɗa Harsashinsu da Kansu

Wajen shekarar 1970 kamfanin Kynoch na birnin Birmingham ya daina yin harsasan bindigogin farauta irin na Ingila. Bindigogi masu tarin yawa, waɗanda aka ƙera domin ɓauna da zaki da gwanki, suka wayi gari marayu a Kenya da Rodeshiya da Indiya da ita kanta Ingila. Ƙarfe lafiya lau, ƙota lafiya lau, amma babu abin ɗurawa. Aka rataye wasu a bango, aka sayar da wasu da araha, wasu kuma aka cire musu bututu aka sa na zamani. Waɗanda suka tsira da kamanninsu sun tsira ne a hannun mutanen da suka koyi tsince kwanson harsashi bayan harbi, su gyara shi, su sake ɗura masa albarushi da ƙwaya.

Al'adar ta girmi wannan shekara nesa ba kusa ba, amma a nan ne manufarta ta fito fili. A yau akwai mafarauta a Amurka da Kanada da Jamus da Suwidin da Afirka ta Kudu da Ostireliya da ke neman tsofaffin bindigogi masu matsakaicin baki, wato masu faɗin bututu daga wajen milimita 8 zuwa 9.5, su saya, su kafa ɗan teburin ɗuri a gida. Abin da na gani a cikin al'adar shi ne, wanda ya sayi irin wannan bindiga ya sayi aiki ne tare da ita, kuma aikin ba ya kyau sai a hannun mai haƙurin barin tsohuwa ta yi tafiyarta ta tsohuwa.

Babu harsashin da ya fi nuna haka kamar 9.3x62. Wani maƙerin bindiga na Berlin, Otto Bock, ya fito da shi a 1905. Jamus na riƙe da Tanganyika da Namibiya da Togo da Kamaru a lokacin, kuma manoman da suka je can ba su da kuɗin bindiga mai baki biyu ta Landan. Bock ya yi musu harsashin da zai shiga Mauser 98, bindigar da masana'antu ke fitarwa da yawa kuma da sauƙin kuɗi, ba tare da an tsawaita mata komai ba. Ƙwayarsa giram 18.5 ce, tana fita da gudun mita 655 a sakan ɗaya. Bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ɗaga gudun ya haura mita 700. A idon ɗan zamani wannan tafiyar hawainiya ce, amma ƙwaya mai nauyi da tsawo, idan ba a yi mata gaggawa ba, takan ratsa ƙashin kafaɗa ta wuce ba ta tarwatse ba. Shekara bakwai bayan haka kamfanin Holland & Holland ya fito da .375, wanda ya fi ƙarfi, ya fi shuri, yana kuma buƙatar doguwar bindiga mai tsada. Attajirin da ya zo yawon farauta ya riƙe .375, manomin da ke neman naman tukunya da kare gonarsa ya riƙe 9.3. John Taylor, maharbin giwa, ya yaba 9.3x62 a littafinsa African Rifles and Cartridges na 1948, kuma masu wannan al'ada na ambaton yabon har gobe.

Sai dai yawancin tsofaffin bindigogin da ake saye yanzu ba su taɓa shaƙar ƙurar Afirka ba. Daga Suwidin suke fitowa. Kamfanin Husqvarna ya shafe shekaru yana ƙera wa manoman ƙasar bindigogi masu harsashin 9.3x57 da 9.3x62 domin farautar wata babbar dabbar dajin sanyi mai faffaɗan ƙaho, wadda ta fi bijimi tsayi. Dokar Suwidin ta daɗe tana ƙayyade yawan bindigogin da mafarauci ɗaya zai mallaka, don haka mai son sabuwa dole ya rabu da ta kakansa. Dillalai suka riƙa tara su suna tura su Kanada da Amurka. Ta haka aikin maƙeran da suka san hannunsu ya zo kasuwa a farashin da bai kai na sabuwar bindiga mai ƙotar roba ba.

Wajen saye ne ake gane wanda ya san abin da yake yi. Baƙon shiga yakan tsaya kan ƙyallin ƙarfe da zanen katako. Gwani yakan zare sakata ya ɗaga bututun ga haske, kamar yadda mai sayen doki ke buɗe baki ya duba haƙora. Yana neman tsagar nan da ke murɗe a ciki, wadda ke juya ƙwaya, ya ga ko gefenta na da kaifi ko ya sule. Yana duban maƙogwaron bututun, daidai inda ƙwaya ke fara tafiya, domin albarushin Ingila na da, mai suna kodayit, zafinsa yakan cinye wurin. Yana neman ƙananan ramukan tsatsa, saboda makunnin harsashin wancan zamani yakan bar wani gishiri mai janyo laima, wanda mai ba ya wanke shi sai ruwa. Bindigar da aka harba aka jingine ba wanki takan ruɓe daga ciki alhali bayanta na sheƙi. A bindigogin Husqvarna akwai wani ciwo da aka sani: ƙota takan tsage a bayan ƙarfe, inda shuri ke sauka. Wannan mai gyaruwa ne. Wanda ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne ramukan da wani ya huda a gefen ƙarfe ba bisa ƙa'ida ba don ɗaura madubin hange.

Abin da ya fi waɗannan duka haɗari shi ne yarda da rubutun da ke jikin bututu. Harsashin 8x57 iri biyu ne. Na farko ƙwayarsa milimita 8.09 ce. Rundunar Jamus ta koma mai kauri, milimita 8.22, a farkon ƙarni na ashirin, amma maƙeran bindigogin farauta suka ci gaba da yin siririn bututu shekaru da yawa bayan haka. Wanda ya tura ƙwaya mai kauri cikin siririn bututu ya ɗora wa ƙarfen nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Harsashin da ake kira .318 Westley Richards ƙwayarsa inci .330 ce, sunan bai faɗi gaskiyar awon ba. Haka kuma an samu bindigogin 9.3x57 da wani ya faɗaɗa wa mazauni suka koma 9.3x62, wani lokaci a kan ƙaramin ƙarfen Mauser na Suwidin wanda bai kai samfurin 98 juriya ba. Shi ya sa masu hankali a cikinsu ba sa ɗura ko ɗaya sai maƙeri ya tura dalma mai laushi ta bututun ya auna ta, ya kuma ɗauki siffar mazaunin harsashi da wani narkakken ƙarfe. Wannan mataki shi ne mafi daraja a duk al'adar, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ɗoki.

Ɗurin kansa ba shi da wuyar fahimta. Kwanson tagulla yakan kumbura idan an harba. Sai a shafa masa mai, a matsa shi da injin hannu cikin mazubin da zai maido masa da siffarsa, a fitar da tsohon makunni a sa sabo, a auna albarushi a kan sikeli bisa littafin awo na kamfanin da ya gwada, sannan a zaunar da ƙwaya. Kayan aikin sun yaɗu ne bayan da Fred Huntington ya kafa RCBS a Kalifoniya a 1943, Richard Lee kuma ya fito da ɗan akwatinsa mai araha a 1958. Makunni iri biyu ne. Wanda Hiram Berdan, Ba'amurke, ya ƙirƙiro shi Turai ta runguma, kuma cire shi wahala ne domin ramukan wutarsa ba a tsakiya suke ba. Wanda Edward Boxer na Ingila ya ƙirƙiro shi Amurka ta ɗauka, rami ɗaya ne a tsakiya, tsinke ɗaya ke fitar da shi. Tsofaffin kwansunan Kynoch na Berdan ne, don haka mai .318 yakan ɗauki kwanson .30-06 ya sake masa siffa.

Masu al'adar sukan ce suna yi ne don rage kashe kuɗi. Ban yarda da wannan hujja sosai ba. Gaskiya ne kwanso shi ne mafi tsada a jikin harsashi, kuma ana iya maimaita shi sau da yawa. Amma injin da sikeli da mazubi da ma'aunin gudu duk kuɗi ne, mafaraucin da ke harbi kaɗan a shekara kuwa zai daɗe bai fanshe su ba. Hujjar da ta tsaya da ƙafarta ita ce ta raya abin da kasuwa ta yi watsi da shi. Harsashin .35 Whelen ya fito a Amurka a 1922, babu babban kamfanin da ya sa shi a kasuwa sai Remington a 1988. Shekara 66 yana raye a kan teburan masu ɗuri kaɗai. Akwai kuma hujjar dacewa: tsofaffin bindigogi mazauninsu ba ɗaya ba ne, kowace da nata faɗi da tsawon maƙogwaro, kuma mai ɗuri yana iya yi wa tasa harsashin da ya zauna mata daidai, abin da masana'anta mai yi wa kowa da kowa ba za ta iya ba.

Inda nake ganin al'adar ta kauce hanya shi ne son gudu. Tun da ma'aunin gudun ƙwaya ya yi araha, sai lambar da ke fitowa a fuskarsa ta zama abin alfahari. Mutum ya sayi bindigar da ta shekara saba'in ko tamanin, ya ce sai ta kamo .375. Wani ɓangare na laifin na doka ne. Zimbabwe ta gindaya cewa mai farautar ɓauna ko giwa ko dorina sai ya riƙe bindiga mai bakin da ya kai milimita 9.2 da ƙarfin jul 5,300. Ƙwayar 9.3x62 mai giram 18.5 a gudun mita 720 tana ba da wajen jul 4,800. Kafin ta cika sharaɗin sai ta kusa mita 760. Wannan 'yar tazara ce ke sa mutane ƙara albarushi kaɗan-kaɗan, suna duban gindin kwanso suna cewa ba su ga alamar matsi ba. Hukumar C.I.P. ta Turai ta sa wa harsashin iyakar matsi na bar 3,900, kuma kwanso ba ya nuna alama sai an riga an wuce iyakar da nisa. Ido ba ya auna matsi. Ƙarfen da aka narka kafin yaƙin duniya na biyu, wanda ba a san hannu nawa ya ratsa ba, bai cancanci a yi gwaji da shi kusa da fuskar mutum ba.

Ga kuma zafi. Ɗurin da aka gwada cikin sanyin Turai ba shi ne zai fita a dajin Benuwai ko Faro na arewacin Kamaru a watan Maris ba, inda har yanzu baƙi ke zuwa farauta da lasisi. Albarushi yakan ƙara matsi idan ya sha rana. Maƙeran Ingila sun san haka tun zamanin kodayit, shi ya sa suka yi manyan kwansuna masu sassaucin matsi. Wanda ya cika kwanso maƙil a watan sanyi ya zubar da wannan hikima, kuma sakamakonta mafi sauƙi shi ne sakata ta cije bayan harbin farko, ɓauna mai rauni na tsaye a gabansa. Ita dabbar ma ba ta amfana da ƙarin gudun. Yawancin ƙwayoyin da aka tsara wa waɗannan bindigogi an yi su ne su buɗe a matsakaicin gudu. Idan an tsananta, sai su fashe a kan ƙashi su bar dabba da ciwon da ba zai kashe ta nan take ba. Mafaraucin kirki ba ya son haka.

Akwai wani abu kuma da rubuce-rubucen masu wannan sha'awa ke yawan rufewa. Suna ba da labarin zamanin Taylor kamar wani lokacin zinariya, alhali shi kansa bai ɓoye cewa ya yi farautar hauren giwa ba bisa doka ba, kuma bindigar Bock kayan aikin mamayar ƙasar wasu ce. A daidai lokacin da baƙo ke rataye da Mauser, ɗan ƙasa an tsare shi a kan adaka. Mutum na iya ƙaunar aikin maƙeri ba tare da ya wanke wannan tarihi ba, kuma na fi girmama marubutan da ke faɗin duka biyun. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga tushen sana'ar, domin maharbin da ke auna albarushi ya ɗura wa adakarsa ya san cewa kowace bindiga da cikinta. Amma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar haɗa harsashi ba. Ko a inda aka halatta, ba sakaka aka bar abin ba: a Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa kafin a ba shi izinin sayen albarushi.

Barazanar da ke gaban al'adar yanzu ta ƙwaya ce. Kalifoniya ta hana farauta da dalma tun 2019, Denmak ta bi sahu a 2024 kan harsasan bindigogin farauta, saboda gubar da ke shiga nama da cikin tsuntsaye masu cin mushe. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai ƙwayar jan ƙarfe zalla ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya, tana cin wurin albarushi a cikin kwanso, kuma ba kowane tsohon bututu ke juya ta yadda ya kamata ba. Mai 9.3x62 ba shi da damuwa sosai, domin harsashin ya farfaɗo, kamfanoni irin su Norma da Lapua da Hornady suna yin sa. Mai .318 ko .333 Jeffery kuwa ya dogara ne ga ƙananan masana'antu 'yan ƙalilan. Da gobara ta cinye masana'antar Woodleigh ta Ostireliya a ƙarshen 2021, wadda ke yin ƙwayoyi bisa siffar na Kynoch, masu waɗannan bindigogi a nahiyoyi da dama sun koma ƙirga abin da ya rage musu a akwati, wasu kuma suka fara koyon matse ƙwayar .338 ta sirance ta dawo awon bututunsu.