Jinjina Ga Likitocin Masu Hawan Dutse

A yankin Frankenjura na Jamus, mai hawan dutse kan rataya nauyinsa duka a kan yatsu biyu. Wata rana sai ya ji ƙas! Zoben da ke riƙe jijiya a jikin ƙashi ya tsinke, amma hoton ƙashi ba ya nuna komai. Nan gwanintar Dakta Volker Schöffl na Bamberg da abokan aikinsa take. Da na'urar sikanin suke auna yadda jijiya ta ɗago daga ƙashi yayin da majinyaci ke lanƙwasa yatsa. A 2003 suka kasa raunin mataki huɗu. A wancan tsarin na 2003, na huɗu ne aka ce a yi wa tiyata, sauran kuwa ɗauri, hutu da motsa yatsa sannu a hankali. Likitan fiɗa da ya san lokacin ajiye wuƙa ya cancanci jinjina.