Kundin Tafiyar Alhaji: Abin da Aka Buga da Abin da Aka Bari a Adaka

 

Da yawanku kun karɓi ɗan littafin nan da aka raba a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. Wanda bai samu ba, ga asalinsa. 'Ya'yan ɗaya daga cikin dattawanmu fataken goro, Allah ya jiƙansa, suna kwashe kayan ɗakinsa za a gyara gidan, sai suka ci karo da adaka a ƙarƙashin gado. Da aka fasa kwaɗon, sai ga gafaka cike da takardun ajami na hannunsa, gara ta ɗan taɓa gefe. Ashe duk tafiyar da Alhaji ya yi sai ya rubuta. Yaran suka juya zuwa boko suka buga. Mun karanta bugun, kuma da yake mu aka fara kawo wa takardun mu duba ko da ayoyi a ciki, mun ga na asalin ma.

Yabo dai ya zama dole. A wani gidan da tuni an cinna musu wuta. Tun 1916 aka kafa Sabon nan ta Ibadan, amma yawancin abin da aka rubuta a kanmu baƙi ne suka rubuta, irin su Baturen nan Abner Cohen da ya zauna cikinmu ya fitar da littafinsa a 1969. Yau ga namu da bakinsa.

Inda littafin ya fi armashi shi ne hajjin ƙasa: Kano, Maiduguri, Abeshe, Fashir, Hartum, har bakin Bahar Maliya. Alhaji ba ya ƙawata magana. Sunan gari, kwana nawa, wa ya sauke shi, yaya ruwan garin, shi ke nan. Amma kana karantawa sai ka ji ƙishirwa ta kama ka. Haka babin goro: saye a Shagamu, jera ganyen fita, ɗaure huhu, lodi a wagunu, da fargabar kada jirgi ya makale kafin a haye gadar Jabba zafi ya dafa kaya. Duk wanda ya taɓa kwance huhu gabansa na faɗuwa ya san gaskiya aka faɗa.

To, sai gyara. Na farko, an taɓa sunaye da kuɗi. Inda Alhaji ya rubuta Fot Lami an mai da shi Njamena, alhali sai 1973 garin ya samu wannan suna. Fam da sule da sisi kuma an juya su naira, fam ɗaya naira biyu, kamar yadda aka yi canji a Janairun 1973. Yaron yau zai ga naira biyu ya yi dariya, bai san fam ɗaya nauyi gare ta a lokacin ba. Ai da an bar yadda ya rubuta, a sa bayani a ƙasa.

Na biyu, an wanke masa harshe. Daushe ya koma "tsohon goro", fatoma ya koma "mai masauki". Haba jama'a! Waɗannan kalmomi su ne jarin sana'armu. Garin neman gira an rasa ido.

Na uku shi ya fi damunmu. An cire shafukan asara da bashi gaba ɗaya. A takardun asali akwai shekarar da goronsa ya ruɓe ya koma kwana a zauren maigidansa, har wata Bayarabiya mai sayar masa da goro ta sake ba shi kaya bashi, ba takarda ba shaida. Wallahi wannan ne zuciyar littafin. Matasanmu da ke ganin iyayensu ba su taɓa faɗuwa ba, su suka fi buƙatarsa. Kuma shaida ce kan yadda muka zauna da masu masaukinmu.

Bayan haka akwai haƙƙi. Alhaji kan ja layi a kan bashin da ya biya, kuma mun ga wasu ba layi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma Suratun Nisa'i ta sa rabon gado bayan wasiyya da bashi. Ba mu ce a buga sunan kowa a tona asiri ba. Amma a bincika, in da saura a nemi magadan masu shi a biya. Mun faɗa wa yaran haka ido da ido kafin mu rubuta, kuma da yardarsu muke faɗa a nan.

Shawararmu, in za a sake bugu, a sa hoton shafin ajami gefe da na boko, a zaunar da dattijo ɗaya cikin 'yan goro ya saurara ya gyara. Mu kuma sauran, kafin a kira masu rusau, a buɗe adakar tsoho a hankali. Waiwaye adon tafiya.

Allah ya gafarta wa iyayenmu, ya sauke musu nauyin da suka manta. Amin.