Jinjina ga Sojojin da Ke Rarrashin 'Yan'uwansu

Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, yaro kan tashi yana jin cewa namiji ba ya kuka. Da wannan tarbiyya samarinmu ke shiga Depo na Zariya, inda tun 1924 ake horar da kuratan soja. Can ake koya musu riƙe bindiga da bin umarni. Amma akwai wani aikin da babu lambar yabo a kansa, kuma masu yinsa nake jinjina wa.

Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, sojoji ke kai-komo a dazukan Borno da Yobe. A cikinsu akwai sajan ɗin da ke lura da kurtun da ya daina cin abinci bayan harin kwanton ɓauna, ya zauna kusa da shi har ya buɗe baki. Akwai wanda ke wanke gawar abokinsa, ya tattara kayansa, ya zo har zaure ya yi wa mahaifin ta'aziyya. Akwai mai bugo waya gida yana cewa "Inna, lafiya lau nake", domin tsohuwa ta samu barci.

Wannan ma jarumta ce. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, darajarsa ba ta ragu ba.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, mu saka waɗannan sojoji a addu'a. Idan sun dawo hutu, mu ba su kunne, mu kuma ƙarfafa musu ganin likita in damuwa ta yi nauyi. Allah Ya tsare su.