Amshi da Lafiyar Muryar Mawaƙi

Masu nazarin waƙar baka sun daɗe suna ɗaukar amshi a matsayin gindin waƙa kurum, watau inda jigo yake zaune. Haka ne, amma bayanin bai cika ba. Amshi yana da wani aiki wanda ba ya fitowa a takarda in an rubuta waƙa, shi ne hutar da jagora.

Murya tana fitowa ne daga wasu tantani guda biyu da ke cikin maƙogwaro, waɗanda iskar huhu take kaɗawa fiye da sau 100 a daƙiƙa guda. In aka tsananta musu, ko suka bushe, sai su kumbura, murya ta dishe. In abin ya daɗe, har ƙulli yakan fito musu kamar kanta a hannun manomi. To, mawaƙin da zai raba dare yana waƙa a fili, ga ƙurar hunturu, ga amon kiɗa a bayansa, tilas ne ya sami inda zai haɗiyi yawu ya ja numfashi.

Alal misali, a saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. 'Yan amshinsa ba gindi kaɗai suke maimaitawa ba. Yakan ɗauko ɗan waƙa su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. Manazarta sukan yaba wannan a kan adon salo ne, alhali kuwa rabon nauyi ne ma. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya fi shi ɗaukar kaya, domin galibi gindi kaɗai ake amsa masa, ɗiyan duk nasa ne. Dabararsa ita ce bai cika ɗaga murya nesa da inda take zaune in yana magana ba, kuma ba ya kokawa da kalangu. A haka ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa. Shi kuwa Ɗanmaraya Jos ba shi da ɗan amshi ko ɗaya. Kuntigi ne yake amsa masa, kuma ƙaramin abin kiɗa ne da ba ya tilasta wa mai shi ihu.

Mawaƙin situdiyo ya rasa wannan horo. Layi-layi yake rerawa, na'ura tana gyara masa, ranar da ya hau dandali sai ya nemi ya cika fili da ƙarfin wuya. Ɗan wasan kwaikwayon da aka ba matsayin mai tsawa shi ma haka yake wahala. In muryar ta dishe sai a ruga ga citta da zuma. Waɗannan suna sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiye hanyar abinci yake bi, ba ya taɓa tantanin. Abin da ke kai musu sauƙi shi ne yawan shan ruwa, da barin taba, da yin shiru na kwanaki. Raɗa ma gajiyar da su take yi. Dishewar da ta wuce mako 3 kuwa ta likita ce.