Dogon Dutsi da Arewa: Ina Sunayen Suka Samo Asali?

Baƙon da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi, bayan tafiyar kilomita kusan 270, zai hango tsauni tsaye bisa gari tun kafin mota ta tsaya. Ba ya bukatar tafinta, domin Dogon Dutsi sunan abin da ido ya gani ne. Rubutun Faransanci, Dogondoutchi, shi ne ke rikita ɗalibai, har wasu su ɗauka Nasara ya ɓata kalmar. Bai ɓata ba. A bakin mutanen yamma, "ts" yakan karkata zuwa "c" gaban wasalin "i", don haka "duci" Bature ya ji, shi kuma ya rubuta da baƙaƙen harshensa.

Gardamar gaske tana kan sunan ƙasar da garin ke cikinta, wato Arewa, wadda Matankari da Tibiri da Gesheme duk ke cikinta.

Bayani na farko shi ne na gidajen sarauta. An ce wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya sauka Bagaji, Baura ya ba shi ɗiyarsa aure, aka haifi Akazama, daga gare shi sarauta ta faro. Zuriyar Ari su ne Arawa, ƙasarsu kuma Arewa. Marc-Henri Piault ya tattara irin waɗannan ruwayoyi a littafinsa Histoire Mawri na 1970. Mawri kuwa sunan da Zabarmawa ke kiran Arawa ne. Ta fuskar nahawu bayanin yana da ƙafa. Ari suna ne sananne a bakin Barebari, kuma Hausa ta saba ɗora "-awa" kan sunan kaka, kamar yadda aka sami Rumfawa a Kano daga Muhammadu Rumfa.

Sai dai mai nazari ya kamata ya tambayi wa labarin ke yi wa aiki. Baƙo daga gabas, auren ɗiyar mai ƙasa, ɗa wanda ya gaji mulki: wannan shi ne ƙashin bayan labarin Bayajida na Daura, wanda shi ma ta Barno aka ce ya biyo. Ruwayar Ari tana raba gado ne. Ta bar wa Gubawa, mutanen farko, ƙasa da tsafinta a hannun Baura na Bagaji da Sarauniyar Lugu, ta miƙa wa baƙi rawani. Wannan ba ya mai da ita ƙarya, amma shaidar mai rabo a cikin shari'a ce, kuma da haka ya dace a saurare ta.

Bayani na biyu ba shi da jarumi ko aure, shi ya sa maroƙa ba su kula shi ba. Arewa jiha ce kawai, kishiyar kudu. Ƙasar tana arewa da Kabi, daular da ta daɗe da ƙarfi a yankin, kuma har yau akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kabi ta Najeriya, mai hedikwata a Kangiwa. Rauninsa shi ne bai bayyana kalmar Ba'are ba. Da daga jiha sunan ya fito, abin da kunne zai jira shi ne "ɗan arewa".

Abin takaici yana cikin aji da bakin masu yi wa baƙi jagora zuwa Lugu, wurin da littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 suka sanar wa duniya. A can labarin Ari ake zubawa tamkar karatun allo, ba tare da "an ce" ba. Ɗalibin Gesheme da kakarsa Bagubiya ce yana da haƙƙin jin cewa sunan ƙasarsa na da fassara biyu, kuma ta farkon daga fada ta fito.