Ruwan Ɗufana Daban, Ramin Wuta Daban

A tafsirin azumi na masallatan Zongon Lome, babu inda mai jan baƙi ke ƙara ɗaga murya, mai fassara ya gyara zama, kamar wajen ƙissoshin halakar al'ummomi: ruwan Ɗufana, tsawar da ta kama Samudawa, iskar da ta yi dare 7 da yini 8 a kan Adawa. Abin da nake suka shi ne yadda wasu masu fassara ke zuba waɗannan ƙissoshi a ƙwarya ɗaya da kisan da mutum ke yi wa mutum, su rufe da cewa duk hukuncin Allah ne, zunubi ne ya jawo.

Alƙur'ani bai gauraya su ba. Inda azabar ta Allah ce, ruwa ne, iska ce, tsawa ce. Ba a danƙa wa wani mahaluki takobi ba, kuma sai da manzo ya yi gargaɗi. Inda hannun mutum ne, harshen yakan juya. Suratul Buruji ta la'anci waɗanda suka haƙa rami, suka hura wuta, suka zauna suna kallon muminai na ƙonewa. Malaman tafsiri da yawa sun ce Zu Nuwas ne, sarkin Himyara, da Kiristocin Najrana, wajen shekarar 523. Haka Fir'auna da yankan jarirai: ɓarna aka kira aikinsa.

Akwai wurare masu nauyi, ba na musu. Maƙwabtanmu Kiristoci na da halakar Yariko a Littafin Joshuwa, mu kuma muna da Banu Ƙuraiza a littattafan sira. Amma masu imani da kowanne sun jingina shi ne ga zamanin da wahayi ke sauka. Yau wa ke da wannan shaida? Wanda ya kashe jama'a ya ce aiko shi aka yi, ƙarya biyu ya yi.

Wannan magana ta shafi ƙofar gidanmu. A watan Afrilun 1991 an tsamo gawa 28 daga tafkin Bè a nan Lome, aka zargi sojoji. Bayan rasuwar Eyadema a 2005, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum 400 zuwa 500 sun mutu a rikicin zaɓe. Idan aka karanta irin waɗannan da muryar ƙissar Adawa, an wanke mai bindiga ke nan, an ɗora laifi kan gawa.

Imani da ƙaddara bai taɓa soke ƙisasi ba. Don haka roƙona ga malamanmu ɗaya ne: in an zo ayar halaka, a gaya wa jama'a hannun wane ne. Mai sauraro ya tashi yana tsoron Allah, yana kuma sanin cewa mai haƙa rami zai amsa tambaya.