Amanar Ƙasa a Koyarwar Kirista: Sharhi kan Wasiƙar Laudato Si' a Ma'aunin Tambuwal da Kebbe

A watan Yunin 2015 Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa mai suna Laudato Si', mai babi 6 da sakin layi 246, domin karantar da mabiyansa cewa rayuwa da dukiyar ƙasa amana ce da za a tambayi ɗan Adam a kanta. Wasiƙar tana cikin koyarwar da ta hau kan kowane ɗan Katolika, har da na Dayosis ɗin Sakkwato da Bishop Matthew Hassan Kukah yake jagoranta tun 2011. Duk da ƙarancin Kiristoci a Tambuwal da Kebbe, batun da ta ɗauko ya shafi gonaki da dazuzzukan yankin, don haka ya dace a auna ta da halin da suke ciki.

Ƙarfin wasiƙar yana cikin gyaran fassara. A 1967 masanin tarihi Lynn White ya zargi Kiristancin Turai da buɗe ƙofar ɓarnata muhalli, saboda an fahimci Farawa 1:28 a matsayin izinin mallake ƙasa ba iyaka. Fafaroma ya yi watsi da wannan fahimta, ya ɗaure ayar da Farawa 2:15, inda aka ɗora wa mutum noman gonar da kuma tsaronta. Ya ƙarfafa hujjarsa da Littafin Firistoci babi na 25, wanda ya wajabta hutar da ƙasa a kowace shekara ta bakwai. Ya kuma bayyana cewa mallakar mutum ɗaya ba ta soke haƙƙin jama'a a kan albarkatun ƙasa. Ɗalibin ilimi zai ga kusancin wannan da ma'anar halifanci a Suratul Baƙara aya ta 30, da amana a Ahzab 72, da raya ƙasa a Hudu 61. Har ma wasiƙar ta ambaci Aliyul Khawwas, sufin Masar kuma malamin Sha'arani.

Sai dai cutar da ta fi mayar da hankali a kanta ita ce almubazzarancin mawadatan ƙasashe. Ta yi gaskiya da ta ce suna da bashin muhalli a wuyansu, amma manomin Dogon Daji ko Kuchi da ya sare marke ya ƙona gawayi ba ƙoshi ne ya kai shi ba. Rumbu ya yi ƙasa, taki ya yi tsada, gonar gado kuma tana ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba ta. Kira zuwa ga rage ciye-ciye ba shi da abin da zai ce wa wanda abincinsa ba ya kai shi kaka. Wasiƙar ta tausaya wa talaka matuƙa, amma ta fi kallonsa a matsayin wanda aka cuta, ba ta tsaya a kan halin da talauci yake mayar da shi mai ɓarna da hannunsa ba.

Giɓi na biyu shi ne na hukunci. Idan gona ta cinye burtali, ko aka tare mashaya a fadamar Gulbin Zamfara, tambayar da take gaban hakimi ita ce: wane ne mai haƙƙi, kuma wa zai biya ɓarna? Wasiƙar ta farkar da zuciya, ta bar amsa ga dokokin gwamnati. A Nijeriya waɗannan su ne Dokar Makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa a hannun gwamna bisa amana. Ana da dokokin, burtalai kuma na ci gaba da ɓacewa.

A nan ne fiƙihu yake da abin bayarwa. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u a matsayin hima, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malaman Malikiyya sun iyakance harimin rijiya da na gari, sun kuma shardanta izinin shugaba kafin a raya mataccen fili da yake kusa da mazauna. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa, ya lissafa tallafa wa manoma da masu sana'a cikin wajiban mai mulki. Tambuwal kanta ribaɗi ce da aka danganta da Buhari ɗan Shehu, wato tana cikin ƙasar da aka taɓa aiki da waɗannan hukunce-hukunce.

Wannan ba dalilin alfahari ba ne. Cocin Katolika ta tattara koyarwarta a matani guda, ta fassara shi, ta shigar da shi wa'azi da makarantu. Musulmi sun fitar da Sanarwar Istanbul kan sauyin yanayi a Agustan 2015, amma da wuya a ji ta a mumbarin Juma'a, babin Ihya'ul Mawati kuma ana karance shi a zaure kamar labarin wani zamani. Aikin da yake gaban malamai da ɗalibai shi ne su fito da hukuncin hima da harimi cikin Hausa, su kai shi gaban hakimai, limamai da arɗo-arɗo na Tambuwal da Kebbe kafin damina ta sake haɗa manomi da makiyayi a kan burtali ɗaya.